Kwalabe Goma Sha Biyu da Ƙafar Baban Habiba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni tela ce, ba marubuciya ba, kuma in ba don 'ya'yana mata uku ba, da ban zauna ina ɓata takarda ba. Likita ya ce wata rana za su iya haifar maza masu irin jinin ubansu. Ina so in sun girma su karanta da idonsu, kada su ji a bakin dangi, don dangi kowa yana juya labarin ne yadda zai wanke kansa. Ni ba zan wanke kaina ba, da hannuna a ciki.

Maigidana, Baban Habiba, ma'aikacin gidan ruwa ne a nan Jalingo. Da aka raba jiha aka dawo da su daga Yola, muka kama haya a Mayo Gwoi, ɗaki biyu da rumfa, a rumfar nake ɗinki. Aikinsa kula da manyan tankunan da ake tace ruwan gari, har abokan aikinsa suna ce masa Injiniya, alhali ba shi da takardar. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Amma in ya kafe a kan abin da ya sani, sai dai ki gaji ki ƙyale shi. Ruwan randarmu ma sai ya ɗaga kofi ya duba shi a hasken rana kafin ya kai baki.

Tun kafin aurenmu an gaya mini jininsa ba ya tsayawa. Dada, mahaifiyarsa, ta ce da aka yi masa kaciya wata guda ya yi yana zuba, har an fid da rai, kuma ƙannenta maza biyu ta haka suka tafi tun suna ƙanana. Saboda haka a gidanmu akwai doka: ba aska, ba ƙaho, ba cire haƙori. Gemunsa da almakashina nake rage masa. Duk tsoronmu yana kan abin da zai tsaga fata. Babu wanda ya taɓa gaya mana jini yana iya zuba a cikin nama, fata tana nan lafiya lau, ba ko ɗigo a waje.

Wata Litinin da safe ya taka babur zai tayar, ƙarfen da ake takawa ya dawo ya maka masa a sha-raɓar dama. Ya ɗan yi tsaki, ya duba, ba rauni, ya hau ya tafi aiki. Da yamma ya dawo yana ɗingishi, wurin ya ɗan tasa. Ni kuwa a unguwarmu an san ni da iya gashi. Mace ta haihu, ko tsoho ya gurɗe, ni ake aikowa a kira. To yau ga nawa mijin, ina zan tsaya? Na tafasa ruwa, na tsoma tawul, na gasa wurin sosai, na shafa man shanu na murza da ƙarfina. Yana cije baki ina ce masa ya daure, jinin da ya kwanta ne nake watsawa. Safe da yamma haka na yi, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Don zogin kuma ina sayo masa hodar ciwon kai ɗin nan ta 'yar takarda a kemis, yana sha da kunu.

Sati ya zagayo ƙafa ba ta saɓe ba, sai ƙaruwa. Wandonsa ya daina shiga, na farke masa ƙafar wando ɗaya har gwiwa. Dada ta taso daga Sunkani da ƙwaryar man shanu da ƙullin saiwoyi, dangi suka biyo bayanta, kowa da shawararsa a baki. Wani ya ce taka ya yi, an binne masa abu a ƙofar ofis saboda ana maganar ƙarin girma. Wata ta ce maruru ne yake nuna a ciki, a ƙara zafin ruwa ya fashe. Wannan shawarar ta yi mini daɗi don ta zo daidai da tawa, na ƙara itace a murhu.

A cikin wannan satin aka ɗauko wani tsoho mai ɗori daga Kona. Allah ya saka wa mutumin nan. Ya zauna a tabarma, ya bi ƙashin da yatsa tun daga gwiwa har idon sawu, ya ce ƙashi lafiyarsa ƙalau, abin da ke ciki ruwa ne ko jini, kuma ba aikinsa ba ne, a kai shi asibiti yau. Ko goron da aka miƙa masa bai karɓa ba. Yana fita Dada ta ce tsufa ya cinye masa sani, ni ma na taya ta. Gaskiyar magana tsoron asibiti muke yi. A wurinmu asibiti wuƙa ce da allura, mu kuwa shekara da shekaru muna kare shi daga wuƙa. Dokar da muka kafa don ta tsare shi, ita ta zaunar da mu a gida.

Da zogi ya hana shi sukuni, mai kemis na unguwa ya zo ya yi masa allura a ɗuwawu. Kashegari wurin allurar ya kumbura kamar an kife ƙwarya. Nan ne na tsorata, don wannan wurin babur bai taɓa shi ba.

Farkon sati na uku muka ɗauki shatar mota zuwa asibiti. Mun isa da sassafe, muka yanki kati, muka zauna a benci. Wanda bai taɓa zaman bencin nan da mara lafiya a jingine da kafaɗarsa ba, bai san tsawon yini ba. Aka yi azahar muna nan, mai kiran suna ya tafi cin abinci ya dawo, sannan aka kira mu. Likitan matashi ne, mutumin wajen Wukari, Hausarsa a karkace amma tana isar da saƙo. Ya taɓa ƙafar, ya dubi wurin allurar, ya yi ta tambaya a kan kawunnan Baban Habiba da suka rasu. Sai ya sa aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, aka ɗebi nawa a wata, ya ajiye su a tebur kusa da agogonsa. Kafin ya gama rubutu nawa ya daskare. Na maigidana kuwa har muka tashi in an karkata kwalbar yana gudu kamar zoɓo.

Ya tambaye ni me nake yi masa a gida. Na gyara zama na lissafo masa, da alfaharina, gashi sau biyu, murza, hoda. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Maman Habiba, wannan ruwan sanyi yake so, ba zafi ba. Ba a matsa shi. Hodar nan kuma tsinka jini take yi."

Bai ƙara ba, bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sati biyu cur ina buɗe wa jini hanya da hannuna, ina kuma jiran a yaba mini. Rashin sani ya fi dare duhu, ranar na gane ba magana ce kawai ta tsofaffi ba.

Sunan cutar ya faɗa, himofiliya, na sa ya maimaita har ya zauna mini. Ya ce a cikin ruwan jini, wannan mai ɗorawa-ɗorawa da ke tasowa in jini ya kwanta, akwai abubuwa da dama da suke haɗuwa su toshe rauni. Likitoci lamba suka ba su. Na takwas ɗin ne ya yi ƙaranci a jikin Baban Habiba. Jinin da ya taru a sha-raɓa yana matse jijiyoyi, in aka bar shi ƙafar za ta mutu. A wani mutum da sai a tsaga a sauke, shi kuwa in aka tsaga ba mai iya tsayar da abin da zai biyo baya. Hanya ɗaya ce, a sa masa na takwas ɗin nan ta jijiya, jinin ya tsaya, kumburi ya sauka da kansa. In an samu cikin 'yan kwanaki, ya ce yana sa ran ƙafar za ta tsira.

Maganin babu shi a Jalingo, babu a Yola. Amma likitan yana da wani malaminsa a Jos da aka taɓa aiko wa kaɗan kyauta daga waje. Ya yi ta fama da waya har ya same shi. Yayana Adamu direba ne, shi ya tafi, lokacin ana wahalar mai, mota sai ta yini a layi. Na sayar da keken ɗinkina na hannu da 'yan kunnen aurena aka yi guzuri. Kwana uku ya yi, ya dawo da kula cike da ƙanƙara, ya rungume ta kamar jariri. A cikin kwanakin an kwantar da maigidan, an ɗage ƙafar a kan filo, ni kuma na koma yawon neman ƙanƙara wurin masu sayar da kunun zaƙi, ina naɗewa a zane ina ɗora masa.

Da aka buɗe kular sai na ji kamar an yi mana wasa. Kwalabe ne 'yan mitsi-mitsi guda goma sha biyu, kowace da ɗan farin gari a gindinta, bai kai abin da za ki ɗebo da yatsa uku ba. Aka damƙa su ga Madam Rahila, mai ɗakin gwajin jini, ta sa a firijin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi, don wutar gari ba abin dogaro ba ce.

Likita ya zo bakin gado da la'asar zai fara. Mutum ne mai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta jawo mana matsala. Ya ce wajibi ne ya gaya mana daga ruwan jinin mutane ake fitar da maganin, mutane masu yawan gaske, a can ƙasashen waje. Ya ce a shekarun baya irinsa ya sa wa wasu ƙanjamau, amma na yanzu an tace shi sosai, ba abin tsoro. Yana magana yana duba agogo, don ana jiransa a ɗakin haihuwa. Baban Habiba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ja hannunsa ya mayar cikin zane. Ya ce ya gode, amma ba za a sa masa ba.

Ku da za ku karanta wannan, ku tuna lokacin. Ƙanjamau sunanta kawai ake ji a rediyo jiki ya mutu, ba magani, kuma wanda aka ce yana da ita ko kofinsa ba a taɓawa. Dada ta goyi bayan ɗanta nan take, ta ce jinin mutanen da ba a san asalinsu ba ba zai shiga jikin ɗanta ba. Na aika aka kira limamin unguwarmu, ya zo ya ce lalura ce, addini bai hana ba. Dada ta sauko. Amma shi maigidan dama ba nan matsalarsa take ba. Ya ce da likita ya ce an dafa ne, ko an yi wani abu da bai sani ba, da ya yarda. Tacewa kuwa aikinsa ce shekara goma sha biyar. Ruwa yana bi ta tsakuwa, ya bi ta yashi, ya fito garau kamar hawaye, kuma wannan garau ɗin yana iya kashe gari guda. Rariya abin da ya fi raminta girma take tarewa, ƙwayar cuta kuwa ba ramin da ba ta wucewa. Ya ce a kawo jinin dangi, waɗanda ya san zamansu.

Aka kawo. Adamu ya bayar, ƙanen maigidan ya bayar, wani abokin aikinsa Kirista ya zo da kansa ya miƙa hannu. Madam Rahila ta gwada su aka ɗaura. Likita ya ce ba laifi, amma na takwas ɗin da ke cikin leda guda bai taka kara ya karya ba, sai a cika mutum da jini har zuciyarsa ta gaji ba a kai abin da ke cikin kwalba biyu ba. Haka kuwa aka yi. Zogi ya lafa rabin yini ya dawo.

Kwana huɗu muka yi a haka, magani yana firiji, tsakaninsa da gadon bai fi taku arba'in ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na kira Baffansa daga Sunkani. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na tsaya a kansa a gaban mutanen ɗaki na faɗa masa maganganu. Na ce taurin kai ne, na ce ilimin tankin ruwa ya hau masa kai har yana gardama da likita, na ce na sayar da kekena a banza. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali:

"Maman Habiba, ƙafar nan tawa ce ni kaɗai. Waccan cutar in ta shigo, taki ce ke ma, da duk abin da za ki ƙara haifa. Ki bar ni in yi asarar da za ta tsaya a kaina."

Haushinsa nake ji har wuya, kuma ban taɓa sonsa kamar wannan lokacin ba. Na fita na bar masa ɗakin.

Rana ta huɗu da hantsi ina zaune a dakalin ɗakin gwaji, ban ma san me ya kai ni ba, ina jin dai kusa da firijin nake so in zauna. Madam Rahila ta fito ta gan ni. Mace ce babba, 'yar Mumuye, Hausarta irin ta garin nan, namiji ya zama mace mace ta zama namiji, ba ruwanta. Ta tambaye ni ainihin abin da maigidana ya ce, na gaya mata maganar rariya. Ta koma ciki, ta ɗauko wata takarda da ke ninke cikin kwalin maganin, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ta sa tabarau ta daɗe tana karantawa, tana bi da yatsa, tana komawa baya.

Da ta ɗago ta ce ai mijina yana da gaskiya a kan rariya, sai dai wannan ba rariya ba ce. Ta ce wani dogon bututun gilashi ne ake cikawa da 'yan ƙwayoyi kamar tsakin gero, an shafa wa kowace ƙwaya wani abu da ba ya kama komai a duniya sai na takwas ɗin nan. In aka zuba ruwan jini ta sama, na takwas ya manne, sauran duka, mai kyau da mara kyau, su wuce ta ƙasa a zubar. Yana manne ɗin a yi ta ɗauraye shi. Sai an gama sannan a zuba wani ruwa da zai sa ƙwayoyin su sake shi, a tara shi shi kaɗai.

Na ce mata, wato kamar yadda nake tsince allurai a shara da mayen ƙarfe. Ta tafa hannu ta ce shi ke nan, na ma fi takardar iya faɗa.

Ban tsaya sallama ba na tari ɗan acaɓa zuwa Mayo Gwoi. Ina da mayen ƙarfe da na cire daga tsohuwar rediyo, da shi nake bin ƙasan rumfa in na tashi daga ɗinki. Na ɗauko shi, na ɗebi allurai, na ɗauki faranti. A harabar asibiti na cika farantin da ƙasa da dusa da ɓawon gyaɗa, na watsa alluran a ciki na cakuɗa. Na shiga ɗaki da shi, Madam Rahila tana biye da ni da takardarta, masu jinya suna kallona kamar na taɓu.

Na ajiye masa farantin a kan cinyarsa mai lafiya. Na bi ta kai da mayen ƙarfe, alluran suka yi tsalle suka manne, dattin ya zauna inda yake. Na ɗauki buta na yi ta kwarara musu ruwa suna manne, ƙurar ta bi ruwa ta tafi. Na bar Madam Rahila ta yi bayani. Ya karɓi ƙarfen ya jujjuya. Ya tambaya yaya ake sa su saki. Ta gaya masa. Ya tambaya, abin da ya laƙe a jikin allurar kanta fa? Ta duba takarda ta ce bayan wannan akwai sinadarin da ake sawa ya kashe ƙwayar cuta, kamar yadda su ma suke sa wa ruwa bayan ya fito daga yashi. Ta kuma ce masa ita ba za ta rantse a kan aikin ɗan Adam ba, amma da ɗanta ne a gadon nan da tuni ta sa masa.

Ya daɗe yana kallon alluran. Sannan ya ce, "Ashe ba dattin ake tarewa ba. Abin kirkin ake kamawa, a bar sauran su wuce." Ya miƙo hannu daga cikin zane ya ce a kira likita.

Likita ya zo da saurinsa. Kafin ya haɗa maganin ya ce bari ya ga ƙafar, don tun jiya da safe ba a kwance ta ba. Yana warware bandeji wari ya fara isowa. Yatsun sun yi baƙi, tafin ya yi sanyi kamar randa. Ya danna farce, ya murɗa babban yatsa, ya tambaye shi ko yana ji. Maigidan ya ce tun asuba zogin ya daina, har ya ɗauka sauƙi ne. Likita ya mayar da zane ya rufe, ya yafito ni da Baffa zuwa baranda.

Ya ce daga ƙasan gwiwa ta mutu, in aka bar ta za ta ja sauran jikin. Dole a yanke, kuma ba a isa a kai wuƙa jikinsa ba sai da maganin nan. Kwalaben da Adamu ya rungumo daga Jos don a ceci ƙafar, su ne za a yi amfani da su a cire ta. Na tambaye shi, da an sa tun ranar da suka iso fa? Ya ce wataƙila rabinsu ma ya isa, amma wataƙila ne, don kafin mu zo asibiti ɓarna ta riga ta yi nisa. Na gane abin da yake nufi, ya kuma gane na gane. Kwana huɗu na maigida ne, sati biyu nawa ne, kuma har yau ba wanda ya san wanne ya fi nauyi.

Muka koma ciki muna neman bakin da za mu gaya masa. Ya riga ya karanta a fuskar likita. Ya ce a ba shi takardar ya sa hannu da kansa, kada a wahalar da Baffa. Dada ta juya ta fuskanci bango tana ta cewa Allah hoynu, Allah ya sauƙaƙe, da Fillancinta.

Washegari da safe aka narka kwalba uku aka tura masa a jijiya a hankali. Bayan ɗan lokaci Madam Rahila ta ɗebi jininsa ta tafi da shi. Sai ga ta ta dawo tana sauri, mace mai wannan jiki, ta kife kwalbar a gabansa baki ƙasa, ba abin da ya zubo. Da wannan aka tura shi ɗakin tiyata. Na zauna a benci da carbi har aka fito da shi gab da azahar. Daga nan kullum kwalba ɗaya da safe ɗaya da yamma, ina ganin suna raguwa a firiji gabana yana faɗuwa. Da suka ƙare aka ci gaba da sabon jinin dangi na 'yan kwanaki. Sati biyar muka yi a asibitin kafin a sallame mu da sanduna biyu. Bayan wata shida aka gwada jininsa, aka sake gwadawa, ba a sami cutar da ya ji wa tsoro ba.

Godiyata ba ta da iyaka ga likitan nan, da malaminsa da ban taɓa gani ba, da Madam Rahila, da tsohon Kona da muka raina. Ina kuma yi wa mutanen da suka ba da ruwan jininsu a wata ƙasa addu'a, ko wane ne su, ko me suke bautawa. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Mutum ya shekara talatin da takwas da cuta, ya sha zuwa asibitoci a kan zazzaɓi da sauransu, ba a sami wanda ya zaunar da shi ya gaya masa sunanta ba. Bayanin da zai ceci ƙafa yana ninke cikin kwali da Turanci, sai da aka kwana huɗu kafin wani ya buɗe. Likita ɗaya yana gudu tsakanin ɗaki uku, ina zai sami lokacin da zai gane wanda ke gabansa ya san tacewa fiye da shi?

Habiba, ke da ƙannenki, in Allah ya ba ku ɗa namiji ku kai a gwada shi kafin wanzami ya zo. In ya bugu wuri ya kumbura, ƙanƙara za ku nema, kada ku ɗora tukunya, kada ku murza ko da uwarku ce ta ce ku murza. In kuma mara lafiya ya ƙi magani, kada ku tsaya zaginsa kamar yadda na yi, ku tambaye shi abin da yake tsoro tun ranar farko. Allah ya raba ku da ganin abin da na gani.

Abu ɗaya ya rage da ban gaya wa kowa ba. Kwana uku bayan aikin aka zo canza bandeji. Nas ta ce ya kau da kai, yawancin mutane ba sa son gani. Ya ce a tayar da shi zaune, zai duba. Na tallafe bayansa, na shirya wa kuka, nasa da nawa. Ta warware a hankali har ta kai ga auduga ta ƙarshe. Ga dungulmin nan, ga ɗinki a jere baƙi-baƙi, audugar kuwa fara, sai ɗan tabo busasshe da bai kai kobo ba. Ya kai yatsa kusa da ɗinkin bai taɓa ba. Bai dubi inda ƙafar take a da ba, ɗinkin yake kallo.

"Maman Habiba, dubi," ya ce. "An yanke ni, kuma ya tsaya. Ashe haka sauran mutane suke."

Nas ta tsaya da sabon bandeji a hannu tana jira. Ya roƙe ta ta ɗan dakata kada ta rufe tukuna.